Hoton Hannuwan Inna

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, har akwai ranar da na birkice gida ina neman hulata alhali tana bisa kaina. Amma ranar da na buɗe ambulan ɗin hotunan tabarminmu a gindin wata bishiyar bedi a kasuwar Madawa, wannan kam ba zan manta da ita ba sai na shiga ƙasa.

Ƴan shekaru ne bayan samun mulkin kai. Ƙauyenmu yana tsakanin Madawa da Galma, mahaifina ya rasu, gidan ya dawo ni da Inna da ƙannena mata. Sana'ar Inna saƙar tabarmar kaba, kuma Allah ya ba ta hannu. Ja da tsanwa take haɗawa, idan aka shimfiɗa tabarmarta a rana sai mai wucewa ya waiwayo. Ni ke ɗora wa jaki in kai kasuwa. Da ciniki ya buɗe, mata shida na unguwarmu suka riƙa zuwa tsakar gidanmu suna saƙa tare da ita, tana rina musu kaba, tana duba aikin kowa.

Abu ɗaya ne yake ci mini rai. Da zarar tabarma ta bar hannuna, sunanta ya zama tabarmar Madawa kawai. Dillalai su cuɗa ta da na wasu masu kwaikwayon launinmu, waɗanda ko shekara ba sa yi sun zare. Ni kuwa a lokacin ga rawar kai ga son a sani, ina ganin an zalunce mu.

Ana cikin haka wani Alhaji mai butiki, wato kanti, a Yamai ya tsaya gaban kayana ran kasuwa, ya juya tabarmi ya sake juyawa. Ya ce masu sayensa ma'aikata ne da masu otel, ba sa zuwa ƙauye, sai an kai musu abin da za su gani. “Ka aiko mini hoto,” in ji shi. “In rataya ga butiki. In sun gani sun so, in zo da kamyo, babbar motar kaya, kahin ruwa shi sauka, in kwashe duka. Amma kak ka saida ma kowa kahin nan.” Na ce na yarda, ban ko tsaya na shawarci Inna ba. Na koma gida na cika mata da matan unguwa kunne da Yamai, har suka amince a daina kai tabarma kasuwa, a tara.

Mai hoto ɗaya na sani a duk yankin, wani Kirista ɗan ƙasarmu da ke wankin miki a asibitin mishan, mun yi kiwo tare muna yara. Wani Bature ne ya bar masa akwatin hoto da zai koma gida. Ya gaya mini gaskiya tun farko: pelikil ɗaya gare shi, wato naɗin da ke cikin akwatin, hoto goma sha biyu yake ɗauka, kuma ba ya iya wankewa da kansa, sai an aika Maraɗi.

Ranar ɗauka na zaɓo tabarmin da suka fi kowanne launi na jingina su a bango inda rana ke bugu. Na aro babbar riga, na shiga hoto uku da kaina, ina dafa tabarma kamar ni na saƙa. Abokina yana ta dariya yana kirana babban attajirin Adar. Da na ce Inna ta zo a ɗauke ta, sai ta ja mayafi ta rufe fuska.

“Hoton mi?” ta ce. “Tabarma za a saye ko tsohuwa?”

Ta koma inuwar rumbu ta ci gaba da ɗinke bakin wata tabarma da take yi wa ɗakinta. Saura hoto ɗaya a akwati. Abokina ya matsa kusa da ita ya durƙusa. “Inna, hannuwan hwa?”

“Hannuwa ba su da kunya, ɗana. Ɗauka.”

Na ji haushi ƙwarai, na ce masa ya ɓarnatar da na ƙarshen a banza. Na so a ce ni aka sake ɗauka.

Daga nan aka shiga jira, kuma ban taɓa sanin jira yana da nauyi haka ba. An ce kwana goma, aka yi ashirin babu labari. Bazara ta yi tsanani, tabarmi fiye da ɗari suna jibge a zaure bisa duwatsu, kullum da safe sai na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya ina duba ko gara ta shiga. Hatsi ya yi ƙasa a rumbunan mutane, ga shuka na tafe. Ran kasuwa dillalai su hango ni babu kaya su ce, “Ina kamyon naka, ko shina hanya?” Akwai wata maƙwabciyarmu cikin masu saƙar, mai kaifin baki, kullum ta shigo sai ta kalli gabas ta ce, “Hadari na haɗuwa, mu kuwa muna nan muna jiran takarda.” Gaskiya kuwa ta faɗa. Abinci ma ya daina yi mini daɗi.

Ran da hotunan suka iso, abokina ya same ni a gindin bedin nan ya miƙo mini ambulan, fuskarsa ba walwala. Na karɓa na buɗe. Na kalli na farko, na kalli na biyu, na bi sauran da sauri.

Babu ja, babu tsanwa. Duk adon da Inna ta yi wata da watanni tana jerawa ya narke ya zama toka-toka iri ɗaya, kamar an ɗauki hoton bangon da aka yaɓe. Na san hoto baƙi da fari ne, na ga na katin shaida, amma ban taɓa kawowa a raina cewa ja da tsanwa za su fito abu guda ba. Abokina ma bai sani ba, don mutane kawai ya saba ɗauka. Abin da ya ƙara mini takaici, hotunana uku sun fito tas: ga ni cikin rigar aro ina washe baki kusa da abin da ba wanda zai saya.

“A sake!” na ce masa.

“Da mi? Sai an aiko wani pelikil, kuma wanga sai bayan damana. Ka gahwarce ni, wallahi ban sani ba.”

Motar da za ta kai saƙon Yamai jibi za ta tashi. Na kama hanyar gida a ƙasa ina jan jaki, na ma manta ana hawansa. Har na yi tunanin in wuce ƙauyen in miƙe kudu ci-rani, kada in haɗa ido da matan nan. Sun hana kansu kasuwa biyar saboda bakina, kuma sunan Inna ne zai ɓaci, ba nawa ba, don ni ba ni da wani suna.

Na tarar da Inna tana tsaga kaba. Na zube hotunan gabanta. Ta goge hannu a zane, ta riƙa ɗauka ɗaya-ɗaya tana ajiyewa. Da ta zo kan nawa ta ɗan dube ni ta ce, “Kai dai ka hito.” Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai ta kai kan na goma sha biyun, wanda ni ko kallon kirki ban yi masa ba, ta tsaya.

Hannuwanta ne riƙe da bakin tabarma, ga zoben azurfarta, ga tabon ƙuna a babban yatsa. Bakin kuwa na baƙi da fari ne, wani ado da take kira sawun zabo, wanda ta koya wurin mahaifiyarta. Ba ta sa shi a tabarmar sayarwa, don tana ganin ƴan kasuwa launi suke so, na gida kawai take yi wa. A cikin hoton nan kowane layi ya fito raɗau, har kana iya ƙirga saƙar.

Na yi wuf na ce shi za a aika. Inna ta dafe hoton da tafin hannu.

“Tsaya, kai mai gaggawa. Tabarmin da ke zaure, suna da wanga baki?”

Na ce babu.

“To in mutum ya ga abu ga hoto, yaz zo ya iske wani abu ga kaya, mi za ya kira ka?”

Ta daɗe tana kallon hoton, sannan ta ce, “Aika mishi. Mu kuma mu sa ma tabarmin baki, dukansu.”

Washegari ta tara matan ta gaya musu komai, ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Maƙwabciyar nan ta tafa hannu ta ce, “A kwance aikin da anka gama? Don takarda?” Inna ta ce, “Wanga yaro ya ja muna, gaskiya ne. Wadda ta ga ba ta iyawa ta ɗauki nata ta kai kasuwa, ba ni jin haushi.” Maƙwabciyar ta yi tsaki, ta jawo tabarma ta farko ta fara warware bakinta tana mita. Sauran suka bi.

Ni aka ɗora wa wahalar, kuma na cancanta. Na sari kaba, na tsinto bagaruwa, na ɗebo baƙar laka daga gindin tabki don rinin baƙi, wanda sai kaba ta kwana biyu a ciki take kamawa. Yatsun matan suka tsattsage. Kuma duk wannan aikin muna yinsa ne ba mu san ko Alhaji ya ga hoton ya so ba, ko ma ya isa hannunsa. Ran kwana na tara aka yi yayyafin farko da la'asar, na ruga na lulluɓe tulin tabarmin da duk abin da na samu, har da rigar aron da ban mayar ba. Na tsaya ina kallon ɗigon da ke sauka daga rufin zaure. Maza suka fara gyaran kalme, wato fartanya, don shuka, na san da ruwa ya zauna hanya ta yanke, kamyo ba zai shigo ba.

Kwana huɗu bayan haka, da hantsi, muka ji ƙugin mota. Alhaji ne da kansa. Bayan gaisuwa ya zaro hoton daga aljihu. Bai taɓa tabarmar saman ba, ya sa aka jawo masa ɗaya daga tsakiyar tuli, ya warware, ya kara hoton a bakinta. Ya sa aka jawo wata daga can ƙasa. Ya sake jawo wata. Ni dai ina tsaye gumi na bin bayana, matan kuma sun yi cirko-cirko a bayan zana suna leƙe.

Can ya ɗago ya ce, “Ina mai hannuwan?”

Inna ta amsa daga bayan zana, “Tana gaishe ka, Alhaji.”

Ya yi dariya ya ce tun da ya rataye hoton, duk wanda ya shigo butiki sai ya tambayi tabarmar matar nan, kuma tsoronsa ɗaya ne a hanya, kada ya zo ya tarar hoto daban kaya daban. “Ku sauya launi yadda kuka so,” in ji shi, “amma wanga baki kak ku taɓa shi.” Aka loda tabarmin kaf. Maƙwabciyarmu ta rangaɗa guɗa, ita da ta fi kowa mita. Ni kuwa na zagaya bayan rumbu na zauna ni kaɗai.

Daga ranar kowace tabarma da ta fita gidanmu da sawun zabo take fita, kuma abokina ya sa aka wanko mana hoton da yawa, kowane ɗauri a soka masa ɗaya. Mutane suka sa mata suna ta mai hannuwa. Da hoto mai launi ya zo bayan shekaru, rawar kaina ta motsa na so a sauya, Inna ta ce mutane sun riga sun san mu da wancan, in bar shi. Na bar shi.

Inna ta rasu ba a taɓa ɗaukar fuskarta ba. Shekaru da yawa bayan haka na je Yamai, na shiga butikin, ɗan Alhaji ne ke riƙe da shi, bai san ni ba. Ga hoton nan a bango, ya yi jaja-jaja don tsufa. Na tambaye shi na wane ne. Ya ce shi ma haka ya taso ya gan shi, bai san matar ba, amma duk tabarmar da ta zo da wannan baki ba ya ko warware ta, ya san lafiyayya ce. Na buɗe baki in ce uwata ce, sai hawaye suka riga ni.

Abin da na koya shi ne, abin da za a san ka da shi ba lallai ne ya zama wanda ya fi ƙyalli ba. Ka nemi abu ɗaya wanda naka ne na gaske, wanda zai fito ko an cire masa launi, ka nuna shi, kada ka sauya, kuma ka tabbata wanda ya zo zai iske shi kamar yadda ya gani. Hotunana uku na rigar aro ban san inda suka shiga ba. Na hannuwan Inna kuwa yana nan rataye bisa gadona, shi nake fara gani duk safiya.