Buzuna a Cikin Ƙofa

Na taɓa zama sarkin ƙofa a Gusau. Ƙofar da ke kallon hanyar Bungudu ita na gada daga mahaifina, cikin shekarun da ake ta raɗe-raɗin za a kawo mana hanyar dogo. Kada ku ji an ce ƙofa ku ɗauka wata gagaruma ce. Kafa ce a jikin ganuwa, mai rufi kamar zaure, faɗinta bai wuce jaki biyu masu mangala ba, shi ma sai in sun yi haƙuri da juna. Zamanin mahaifina ta ishi gari, don aikinta a lokacin tare mahara ne. Ni da na zo hari ya ƙare, auduga da gyaɗa suka yi daraja, sai kowa da kakarsa ya ga dama ya bi ta nan.

Ranar kasuwa kam sai wanda ya gani. Tun hantsi jakunan Bungudu da Furfuri za su yi jerin gwano a waje, ɗauke da auduga. Daga ciki kuma ga fataken Tsafe da suka ratsa gari suna son fita, ga takarkarai da buhunan gero, ga matan Fulani da ƙoren nono a ka, ga raƙuma suna kallon kowa a wulaƙance. Duk a haɗu a cikin kafar nan a cushe, na gaba ba ya gaba, na baya ba ya komawa. Akwai wani malamin kanti da ya yi keke, irin na farko da muka fara gani. Na rantse muku, a ka yake ɗaukar abinsa in ya zo ƙofata, kekensa ya hau shi maimakon shi ya hau keke. Ni kuwa ina zaune a kan buzuna a tsakiyar inuwa, jingine da bango, daidai inda mahaifina ya zauna, ina daka wa jakuna tsawa kamar suna jin Hausa.

Ana nan, ranar wata kasuwa takarkari ya matse wani tsoho da bango har aka kai shi gida ranga-ranga. Washegari ubangidana na fada, wanda ƙofofin gari ke hannunsa, ya aiko kirana. Mutum ne mai sanyin murya, ba ya maimaita magana.

Ya ce, "Sarkin ƙofa, na ba ka kasuwa uku. In ta uku ta wuce ƙofar nan ba ta saki ba, za a naɗa wani."

Na ce, "Ranka ya daɗe, laifin raƙuma ne."

Ya ce, "To, ka ji da su."

Na dawo gida. Ba abin da ake ɗan samu a ƙofar ne ya dame ni ba, ɗan rake da goro ne kawai. Inna ce damuwata, mahaifiyata. Ita a wurinta ƙofar nan ita ce abin da mijinta ya bari a duniya, kuma tsoro nake ji a ce a hannuna ta fita daga gidanmu.

Kasuwa ta farko na tare raƙuma a waje, na ce ba mai shiga sai bayan azahar. Na sha zagi da harsunan da ban ma sani ba. Ƙofa kuwa ko gezau, ta cushe kamar kullum, ba raƙumi ko ɗaya a cikinta. Abin ya ɗaure mini kai. In ba raƙuma ba ne, to mene ne?

Ranar kasuwa ta biyu da safe na zura ƙafa cikin takalmi, ashe kunama ta riga ni. Kai, ranar na kira sunan duk wanda na sani! Na wuni kwance ina juyi, ƙofa ba mai tsaro. Cikin zafin nan ma tunanina ɗaya: yau sai an kashe wani a wurin. Inna ta ɗauki sandarta ta fita bayan gari ta samo mini ganyen da ake ɗaurawa. Ban yi tsammanin ganinta ba sai la'asar, sai ga ta tun rana ba ta take tsaka ba.

Na ce, "Inna, ta ina kika bi?"

Ta ce, "Ta ƙofarka mana. Yau wayam take, kamar an share ta da tsintsiya. Jakai suna ta wucewa abinsu."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce tsufa ne, ba ta gani da kyau. Amma da maƙwabta suka zo duba ni, bakinsu ɗaya da nata. Ni dai Allah ya yi ni da son bin diddigi; in abu ya shige mini duhu, ko tuwo ba ya yi mini daɗi. Yaya za a yi ƙofa ta toshe ranar da mai tsaronta yake nan, ta buɗe ranar da yake kwance?

Da ƙafa ta sauka, na roƙi wani dattijo maƙwabcina ya zauna mini a kan buzu, na ce duk wanda ya gaishe shi ya amsa yadda nake amsawa. Ni kuma na tsuguna a kan wani tudu daga waje, inda nake hango cikin kafar sosai. Ba ranar kasuwa ba ce, mutane jefi-jefi, don haka na ga abin dalla-dalla.

Wani mai jaki uku ya taho daga Furfuri. Yana shiga inuwa ya hango mutum zaune a buzun sarauta, sai ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya aka ji da ruwan shekaranjiya. Jakunan da suka ga ba mai kora, na gaba ya juya a gicciye yana lasar gishirin bango, na biyu ya sa baki a kayan na uku. Kafin mai jakin ya miƙe, wani bafillace ya iso daga ciki da takarkarinsa, shi ma ya durƙusa, gaisuwarsu kuwa kun san ba ta da iyaka. Yana ɗagowa ya ga ashe mai jakin nan surukin wansa ne. To fa! Wa zai gaisa da suruki a cikin rana ga inuwa? Aka sake sabon lale. Mutum biyu rak, da dabba huɗu, sun rufe ƙofar gari ruf.

Na zauna a kan tudun nan ina dariya, sai na tuna da kaina. Dattijon nan amsawa kawai yake yi. Ni fa? Ni ba na sakin mutum sai na tatse shi. In bafatake ya fito daga Tsafe sai na tambaye shi labarin hanyar dogo, da gaske ne ƙarfe ake shimfiɗawa a ƙasa? Me zai hana ɓarayi su kwashe? Abin da zai bi ta kai, ciyawa yake ci ko me? In na 'Yankuzo ne in tambayi dawa, in na Bungudu ne in tambayi gulbi. Shekara da shekaru ina zagin raƙuman bayin Allah, ashe ni ne raƙumin da ya durƙusa a hanya.

Ranar kasuwa ta uku na naɗe buzuna na kai shi gindin wata tsamiya, nesa kaɗan da ƙofa, a gefen hanya inda akwai fili. Mutanenmu ba sa wuce mai sarauta ba gaisuwa, don haka duk mai son durƙusawa sai ya ratse da jakinsa ya zo wurina. Surukai ma suka samu inuwar da ta fi waccan. Na yi tambayoyina har na gaji, ba wanda na tare wa hanya. Ƙofa kuwa tana ta haɗiye jakai tana amayar da takarkarai, har malamin kanti ya wuce a kan kekensa yana washe baki.

Wajen azahar ubangidana ya zo da kansa. Ya tsaya ya daɗe yana kallon ƙofar, sannan ya tako zuwa gindin tsamiya. Na ba shi buzu, na zauna a ƙasa, na kwashe labari duka na faɗa masa, har da kunamar. Ya yi murmushi.

Ya ce, "Ka cika alkawari, ba za a naɗa wani ba. Amma zan tambaye ka, kuma abin da ka faɗa shi zan kai fada. Yanzu da ba a rufe ƙofa, ba a tsoron kowa, wa ya kamata ya zauna a cikinta?"

Da na ce ni, da ya bar ni, na san haka. Da na ce ana bukatar ido a kanta ko daga nesa, da ya karɓa. Na buɗe baki in faɗi hakan, sai na hango wata tsohuwa da itace a ka ta shiga ta fice ba ta ko rage tafiya ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kada kowa ya zauna."

Ya ce, "Har kai?"

Na ce, "Ni ne ma kan gaba."

Ya ce Allah ya yi mini albarka, ya tafi. Na naɗe buzuna. Ban taɓa jin kunya da sauƙi sun haɗu mini wuri ɗaya irin na ranar ba.

Na iske Inna a tsakar gida tana kaɗi. Na durƙusa na faɗa mata an raba gidanmu da ƙofa, kuma ba ƙwace aka yi ba, da bakina na miƙa. Mazarinta ya ci gaba da juyawa har zaren ya tsinke. Ta daɗe tana neman bakinsa, alhali yana nan a kan cinyarta.

Ta ce, "Ranar da mahara suka zo, ubanka da bayansa ya tokare ƙyauren ƙofar nan har gari ya tsira." Ta goge ido da gefen zane. "Bai taɓa tsammanin za a yi ranar da za a bar ta a buɗe ba. Tashi ka wanke hannu, tuwonka ya huce."