Hannun Hagu a Gonar Wardi

Ni dai a iya sanina, gona wuri ne da ake shiga da lauje a fito da ciwon baya. Na yi shekara hamsin da ɗoriya ina shiga gonakin mutane tsakanin Gadarif da Hawata da Fau, ina noman dawa, ina yankan riɗi, ban taɓa jin wanda ya biya don a bar shi ya shiga gona ba. Mu ake biya, in an ga dama. Sai da haƙora suka fara yi mini sallama ɗaya bayan ɗaya sannan Allah ya kai ni ƙasar da ake yankar tikiti a bakin gona, a shiga, a yi murmushi, a fito. Karatuna allo ne da aji uku na boko, amma ko jami'a na yi ban ce zan gane wannan ba.

Alamar abin ta fara zuwa mini tun a gida, shekarar da yaƙi ya koro mutanen Hartum. Wasu 'yan mata da aka sauke a gidan maƙwabcina suka bi ni 'yar gonata ta bayan gari. Ƙuduji ya cinye ta a shekarar, wannan ciyawar da muke ce wa buda, mai tsotse dawa tun daga saiwa, ya fitar da furensa ja-ja gwanin kyau. Suka shiga ciki suna ɗaukar hoto. Ɗayarsu ta ce mini, masha Allah, ba ta taɓa ganin gona mai kyau irin tawa ba. Na yi mata godiya. Abin da na girbe a gonar bai kai mu azumi ba.

To, ɗana na uku yana aiki a wani kantin magani a Jidda. Ya aiko mini da takardu in zo Umra. Na je, na yi ɗawafi, na sha zamzam har cikina ya ɗauki ƙara, ina ta sa masa albarka. Sai da na yi aski na cire harami sannan ya fito mini da abin da ya kawo ni. Akwai yarinya. Shekara biyu yana nemanta, ita ma tana so, amma ubanta bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi sai ya ga asalin yaro. Uban wani ustazu ne da ya yi aikin ofis a Hartum har ya yi ritaya, yaƙi ya kwaso shi da iyalinsa zuwa wurin babban ɗansa a Jidda. A al'adarmu ƙanena ne ya kamata ya je neman auren, amma ƙanena ba shi da fasfo, kuma ya rantse ba zai hau abin da ba a tsayawa da shi a hanya a yi alwala ba. Sai ni.

Na ce to, asali ai ga shi nan zaune a kan katifarka, a kai shi a gani. Yaron ya yi ta murza waya a hannu. Can ya ce ya riga ya gaya musu babansa yana da mashru'i a Gadarif, wato irin manyan gonakin nan na tarakta da na ƙare rayuwata ina yi wa ƙwadago. Ya saya mini jallabiya fara mai aljihu biyu, da rawani mai tsawon da zai yi wa mutum biyu likkafani.

"Baba, don Allah abu ɗaya. Hannun nan na hagu, ka bar shi a aljihu."

Na dubi hannun. Duk wanda ya yanki riɗi ya san hagu ke riƙe kara, dama ke jan lauje, kuma laujen ba ya bambance kara da yatsa idan rana ta take ana sauri kafin kwanso ya fashe. Ƙaramin yatsana rabi ne, sauran kuma sun sha zane kamar ƙwaryar amarya. Da wannan hannun aka saya masa littattafai. Ban faɗa masa haka ba, don ya sani, kuma idonsa ya riga ya yi ja. Na ce to.

Uwar yarinyar ce ta zaɓi a haɗu a gonar furen wardi a Ɗa'ifa, can kan duwatsu. Ta ce don a sha iska. Ɗana ya raɗa mini cewa gidan da suke ciki ɗaki biyu ne, in baƙo ya shigo sai wani ya fita baranda. Muka hau dutse da mota, hanya tana naɗewa kamar hanji, birai zaune a gefe suna kallonmu da idon masu karɓar haraji.

Gonar kam ba laifi. Kunya-kunya ce a kan tudu, an jera wardi, ƙamshi har cikin maƙogwaro. Ƙasarta ce dai ban yaba ba, tsakuwa ta yi yawa, ko kusa ba ta kama ƙafar baƙar laka ta Gadarif ba. Mutane cike, kowa da waya a sama. Wata ta kwanta a cikin fure, mijinta yana watsa mata wani furen a ka, ƙanwarta tana ɗauka, an maimaita har sau huɗu don iska ba ta ba da haɗin kai ba. Abin da ya fi ba ni ilimi shi ne wata 'yar rumfa a bakin ƙofa inda ake ba mutum aron kwando da malafa, ya riƙa, ya ɗan sunkuya, a ɗauke shi kamar yana tsinkar fure. Masu tsinkar na gaske tun da asuba suka gama, suna can bayan katanga suna shan shayi a tsugune, ba mai ɗaukarsu. Ga 'ya'yan manya suna layin aron malafa, ni kuma mai malafar gaske an ce in ɓoye hannu.

Ustazun dogo ne, da tabarau, jallabiyarsa ta fi tawa guga. Muka gaisa. Larabci kawai yake yi, irin na masu karanta labarai a rediyo, kowace kalma sai ya wanke ta kafin ya miƙo. Matarsa tana gefe, ta kafa kunne. Ya tambaye ni fadan nawa nake nomawa, wato eka a awon ƙasarmu. Na ce wallahi fadan da na taka a rayuwata ba su ƙirguwa. Ya tambayi tarakta. Na ce ban taɓa aiki a inda aka rasa tarakta ba. Kwana uku da gama Umra, ban so in ɓata ta da ƙarya, don haka na riƙa kewaya gaskiya kamar mai kewaya rijiya da jaki. Ɗana yana bayana, gumi yana bin wuyansa a cikin sanyin dutse.

Aka shiga hotuna. A tsaya nan, a matsa can, Baba ka ɗaga haɓa, Baba ka rufe baki kaɗan. Yarinyar, Allah ya yi mata albarka, mai hankali ce, ta kawo mini wayar tana nuna mini ɗaya bayan ɗaya tana ce mini Ammu, wato baffa. A nan na lura da wani abu. A kowane hoto tsofaffi biyu ne a tsaye cikin fure, kowanne hannunsa na hagu a aljihu, kamar waɗanda suka raba ƙwan sata. Na ce a raina wataƙila haka manyan Hartum suke tsayuwa, ɗana ya san abin da yake yi.

Daga nan mata suka tafi kallon inda ake dafa furen a manyan tukwanen tagulla ana tatsar turare. Ɗana ya bi su riƙe da jakunkuna, yana waiwayena kamar wanda ya bar akuya kusa da shanya. Aka bar ni da ustazu, muna tafe a hankali, kowa a layinsa.

Sai na ga aya-aya a gindin wani wardi, ta yi ƙiba, ta sha ruwan da ba nata ba. Rantsuwa zan iya yi ban yi shawara da kowa ba. Hagu ta fito ta kawar da reshe, dama ta kama ciyawar daga ƙasa ta murɗa ta cire har da 'ya'yanta, na buga ta a dugadugin takalmi ƙasar ta zube, na kwantar da ita a kan kunya, saiwa sama, rana ta gama da ita. Haka ake yi. In ka jefar da ita saiwa ƙasa, gobe za ta tashi ta gaishe ka.

Sai da na miƙe na tuna inda nake. Na ce shi ke nan, na kashe wa yaro aure saboda ciyawar da ko tawa ba ce ba. Na juya a hankali. Ustazu yana layi na biyu, ya ba ni baya, yana goge tabarau. A kan kunyar da ya wuce akwai aya-aya uku a jere, an karkaɗe musu ƙasa, saiwa sama. Na dubi ƙafafunsa. A cikin kwari yake takawa, a karkace, bai taɓa kan kunya ko sau ɗaya ba. Babu ofishin da ake koyar da wannan.

Na matsa kusa, na ce da Hausa, ba da ƙarfi ba, "Malam, a wace kambo ka yi yanka?"

Kambo ita ce bukkokin 'yan ƙwadago a tsakiyar mashru'i. Ya amsa da Larabcin rediyo cewa bai fahimci abin da Hajji yake faɗa ba. Na ɗaga masa hannuna na hagu, na buɗe yatsu huɗu da rabi. Ya daɗe yana kallo. Ya waiga wajen tukwanen turare, sannan ya zaro nasa. Farin tabo ya ratsa yatsu uku, tsohon yanka, mai zurfi.

"Gabas da Hawata," in ji shi. "Kaka bakwai, ni da babana."

Hausar ta fito da ƙara kamar ƙofar rumbun da aka daɗe ba a buɗe ba. Muka zauna a kan katangar dutse da fararen jallabiyoyinmu. Ya ce wani malamin makaranta ne ya ɗauke shi ya kai shi birni, daga nan bai sake waiwayowa ba. Matarsa 'yar gidan manya ce, shekara arba'in tana ba mutane labarin yadda ƙofar mota ta datse masa hannu. Muka yi gardamar wanda ya fi saurin tsayar da hilla, wato tarin dammunan riɗi da ake jinginawa su bushe. Ya yi ƙarya, na yi wadda ta fi tasa, Umrar dai Allah ya karɓa. Muka tuna asida, tuwon kambo, da miyar busasshiyar kuɓewa wadda sai ka rufe ido kake haɗiyewa. Ya yi dariya har ya cire tabarau. Can ya ce da suka gudo daga Hartum ta Gadarif suka bi, lokacin yankan riɗi, hilla tsaye hagu da dama har iyakar gani. Ya ce labulen motar ya ja, don kada matarsa ta ga fuskarsa.

Na ce to, tun da an zo nan, ni ba ni da mashru'i, ba ni da tarakta, ko jakin da nake da shi ya mutu bara. Ya ce ai tun da muka gaisa ya sani, tafin hannuna kamar dutsen niƙa, mai mashru'i kuwa hannunsa burodi ne. Na tambaye shi to me ya sa ya tsare ni da tambayar tarakta. Ya ce Hajiya tana ji.

Na gyara rawani, na ce, "Malam, na zo nema wa ɗana auren 'yarka."

"Na ba shi. Amma abin da ka gani yau, a nan za ka bar shi."

"Naka na rufe shi har kabari. Nawa kuwa ya gama zaman aljihu."

Ya ce wannan tsakanina da ɗana ne. Da ya hango mata suna dawowa, ya mayar da hannu aljihu, Larabcin rediyo ya dawo kamar an kunna. Ya sanar da su cewa ya gamsu da asalin yaro, gidan noma ne babba mai tarihi. Hajiya ta yi guɗa 'yar ƙarama irin ta birni. Yarinya ta rufe fuska. Aka ce a yi hoton ƙarshe, kowa da kowa. Na tsaya kusa da ɗana, na ɗora masa hannun hagu a kafaɗa, na baza shi sosai ya sha iskar Ɗa'ifa. Na ji kafaɗar ta sandare, amma bai ture ba. Hajiya ta dubi hannun, ta tambaya ko ni ma ƙofar mota ce. Na ce a'a, ni lauje ne, ba mu da mota. Ustazu ya kama tari har sai da aka ba shi ruwa.

An ɗaura aure bayan ƙaramar salla. Hoton kuwa ya riga ni isa Gadarif, ɗana ya turo wa uwarsa ta wayar maƙwabta. Ta fara tambayata ko furen nan ana miya da shi. Na ce turare ake yi. Ta ce ashe yunwa ba ta taɓa zuwa garin ba. Sannan ta ƙura wa hoton ido, ta ce ya aka yi na tsaya a can ƙarshe, kuma ina hannuna ɗaya. Na karɓa na duba. An gyara hoton, an datse shi daidai kafaɗar yaron. Na ce mata lauje ya ci rabin yatsa, wayar ɗanki ta cinye sauran.

Ustazu yana kirana ran Juma'a, idan Hajiya ta tafi gidan 'yarta. Ba ya tambayar lafiyata sosai. Tambayarsa ko an yi ruwa wajen Hawata, ko riɗi ya fara fure, ko buda ta fito bana.