Taraktar Baba a Gidajen Dangi

Tun ina ƙarama nake da ciwon son ganin cikin abu. Na kwance fitilar Inna, na kwance rediyon Baba, na sha bulala a kan kowanne, ban kuma daina ba. Abu ɗaya ne a gidanmu na Wurno da hannuna bai kai gare shi ba, wato ƙaramar taraktar Baba mai ƙafa biyu, irin wadda mutum ke bi a baya yana riƙe da hannayenta kamar garmar shanu. Ya same ta ne lokacin da wani shirin noman rani ya watse aka yi gwanjon kayansa. Na tashi na gan ta tana huɗar fadamarmu, ja ce, ga ƙara, ga baƙin hayaƙi. Gab da aurena sarƙarta ta tsinke, aka nemi irinta aka rasa, sai aka tura ta gindin dogonyaron bayan gida. Bayan na tare a Goronyo, duk zuwan da na yi ganin gida sai in tarar ta ƙara ramewa.

A shekarar da nake ba da labari gwiwoyin Baba suka ƙi. Ƙannensa suka same shi cikin ladabi, suka ce fadamar nan ta fi ƙarfinsa, ya bari a ba wani ya riƙa nomawa. Ba mugunta suke nufi ba, amma kowa ya san fadamar da ta shiga hannun wani ba ta cika dawowa ba. Kuma ba hayar shanun huɗa ce ta gagara ba. Baba ne mai taurin kai, a ganinsa in har wani ne zai yi masa aikin yana zaune a gida, to gara a karɓe ta gaba ɗaya. Ya ce musu in ruwa ya janye, lokacin dashen albasa ya zo bai huɗa da hannunsa ba, su ba wanda suka ga dama. Sannan ya nuna bayan gida da sandarsa, ya ce in akwalar can ta tashi shi zai yi. Suka yi murmushin da ake yi wa tsoho. Ina bayan labule ina ji, raina ya ɓaci ƙwarai.

Ranar na zagaya na tsuguna a gaban taraktar, na yi mata kallon da ban taɓa yi ba. Ashe ba tsatsa ce ta cinye ta ba. Ko'ina ka duba notin a kwance yake tsaf, ba a karya komai ba, cirewa aka yi. Babu ƙafa ɗaya, babu murfin bel, babu tankin mai, babu wuƙaƙen da ke juya ƙasa. A gaba kuma, inda injin yake zama, ramuka huɗu ne kawai suke kallona, kaza ta yi ƙwai a tsakaninsu.

Na aika aka kira mini taubashina, ɗan Gwaggona, wanda ke gyaran injunan ban ruwa a bakin kasuwa. Ya zo yana goge hannu da tsumma, ya zagaya ta sau ɗaya, ya kece da dariya.

“Malama, mi kika so in yi ma wagga gawa? In yi mata wanka ko in yi mata salla?”

“Ka tashe ta.”

“Da alli za ki tashe ta? Ki koma aji, wanga ba aikinki na ba.”

Na ce masa bawa ba ya yi wa uwargijiyarsa gardama, ya ce ai ni ce baiwar, muka yi ta yi kamar yadda muka saba. Amma na ga idonsa ya tsaya a kan akwatin giya. Ya sa hannu ya juya wani ƙarfe, ya ji ya juya, sai dariyar ta ragu. Ya ce sarƙa yanzu ba wuya, irin waɗannan taraktocin sun dawo, ana samun kayansu a birni. Sauran kayan kuwa, ya ce, ba ɓata suka yi ba, aro aka yi.

Nan na fara yawon da ya fi mini daɗi a rayuwata. Duk ranar da babu makaranta sai in hau mota in zo Wurno, in zauna kusa da Inna tana tsince wake, in yi ta tambaya. Wa ya ɗauki kaza? Yaushe? Me ya yi da shi? Inna ba ta manta komai. Murfin bel yana gidan maƙwabcinmu, shi ne ƙofar akurkin kajinsa. Tankin mai yana Dinawa wurin wani abokin Baba, ya ɗaura shi a jikin bishiya ya sa masa famfo, da shi ake alwala. Wuƙaƙen kuwa wani maƙeri a Achida ya karɓa zai gwada ƙarfensu, ya gwada ya ji daɗinsa, rabinsu sun zama lauje. Babu wanda ya sata. Kowa ya zo ya yi sallama ya ce a ara masa, Baba ya ce ɗauka, shi ke nan. Wanda ya ara yana jira a tambaya, Baba kuma ba ya tambayar abin da ya bayar.

Ni ba ni da wannan kunyar, ko kuma son sanin ya fi ta ƙarfi. Na bi gida gida. Abin da ya ba ni mamaki, ba wanda ya ɓata rai. Mai kaji ya cire murfin da kansa ya wanke, ya ce dama yana ta tunanin ranar da za a zo. Mutumin Dinawa ya haɗa mini da ƙwaryar nono. Maƙerin ya ji nauyi har ya ce zai ƙera sababbi a madadin waɗanda ya cinye, ya kuma ƙera, sun ɗan karkace amma suna yanka. Kowane ƙarfe na kawo, sai mu jiƙa shi a kananzir ni da taubashina, mu kankare, ya nuna mini inda yake shiga da abin da yake turawa. Farcena ya yi baƙi, 'yan ajina suna ta kallon hannuna, ni kuwa ko a jikina.

Injin ne kawai Inna ta ƙi faɗa. Da na tambaya sai ta ce wake ya ƙare, ta tashi. Na tambayi Baba, ya ce, “Shina inda shike,” ya juya yana gyara carbinsa. Ban taɓa ganin Baba ya kauce wa magana haka ba.

Ƙafar taraktar tana Rabah wurin Gwaggo. Tayar ta daɗe da zama mashayar awaki, dole sai wata muka saya, ƙarfen cikinta kuma a kansa take ɗora kaskon tuyar ƙosai. Ta sa aka kawo duwatsu aka maye gurbinsa, tana ta mitar cewa murhunta ba zai ƙara zama daidai ba. Da muka zauna na ce, “Gwaggo, injin fa? Kowa na tambaya sai ya yi shiru.”

Ta dube ni, ta riƙe haɓa.

“Ke ɗiyar ga! Ashe ba ki sani ba? Mi aka ruhewa da tabarma cikin ɗakin ajiyarku?”

A ɗakin ajiyar gidana na Goronyo, bayan buhunan gero, akwai wani tsohon inji da maigidana ke lulluɓewa da tabarma. Lokaci lokaci yakan fito da shi tsakar gida, ya canza masa baƙin mai, ya tayar da shi ya bar shi ya yi ƙara kaɗan, ya mayar. Ba ya aiki da shi, ba ya kuma yarda a taɓa. Ni duk zamana na ɗauka gadon mahaifinsa ne, shi ya sa ban taɓa kai hannu ba. Gwaggo ta ce shekarar da aka kai ni, injin ban ruwan maigidana ya mutu ana tsakiyar rani, albasarsa na shirin ƙonewa. Baba ya ji labari, ya kwance injin taraktarsa ya aika masa ta hannun wani, bai ce aro ba, bai ce kyauta ba.

Da na koma gida na kai wa maigidana abinci, na zauna, na ce masa na san na wane ne injin. Ya ajiye cokali. Ya ce tun shekarar da ya sayi sabo yake son mayarwa, amma ta yaya? In kyauta ce, mayarwa cin fuska ne, kamar ya ce ya ƙoshi da abin hannun surukinsa. In aro ne, to ya riga ya yi latti. Kuma mutumin da ko ido ba ya iya haɗawa da shi, da wane baki zai tambaye shi? Washegari na je wa Baba da maganar, ya katse ni tun ban gama ba. Ya ce abin da ya shiga gidan ɗiya ba a biɗarsa, in kuma na kuskura na sa aka kawo masa, ba zai karɓa ba. Na fito ina huci. Ruwa ya fara janyewa daga fadama, irin albasa ya kai dashe, ga maza biyu masu hankali sun tsaya suna jin kunyar juna a kan ƙarfe.

A garejin taubashina na zauna ina faɗa, shi yana ɗaura sabuwar sarƙa yana yi mini dariya. Cikin faɗan ne na ji bakina ya ce, to in injin ba zai zo ba, ita taraktar ta je wurinsa mana. Ya ɗago kai. Baba ba zai karɓa ba, amma bayarwa ba ta taɓa yi masa wuya ba. Na koma na ce wa Baba maigidana na son aron gangar jikin. Ya ce, “Ɗauka.” Muka ɗora ta a a-kori-kura sai Goronyo.

A tsakar gidana aka haɗa su. Ramukan nan huɗu suka karɓi notinsu kamar jiya aka cire. Taubashina ya ja bel, ya cika tukunyar injin da ruwa, ya zuba gas, ya miƙa mini hannun tayarwa ya ce tunda ni na jawo, in gwada. Na juya, na juya, kafaɗata kamar za ta cire. Ta yi tari, ta yi shiru. Maigidana ya karɓa ya juya da ƙarfi, sai ta kama, wuƙaƙen maƙerin Achida suka fara wulwulawa suna watsa ƙasar tsakar gidana a kan shanyata. Na yi guɗa ban san na yi ba.

Suruki ya je gayya gonar surukinsa ba abin da wani zai yi magana a kai ba ne. Haka maigidana ya aika a faɗa wa Baba cewa zai zo taya shi aiki, da taraktarsa. Da hantsi muka isa fadama. Baba na tsaye da sandarsa, ƙannensa na gefe. Maigidana ya cire takalmi daga nesa, ya durƙusa ya gaishe shi, kansa a ƙasa. Baba ya amsa yana kallon wani wuri. Sannan ya matso kusa da ni, ya rage murya.

“Ki ce mishi shi ara man.”

Na isar da saƙo ina danne dariya. Baba ya ba ni sandar, ya kama hannayen taraktar, ya saki giya. Ta ja shi, ya bi ta. Ƙasa baƙa mai danshi tana buɗewa a ƙarƙashinsa, bayansa ya miƙe, har na ji yana yi mata tsawa kamar da. Ya kai ƙarshen fadamar. A wurin juyowa ne gwiwar ta lanƙwashe. Bai faɗi ba, ya dai kashe giya, ya daɗe a tsaye yana riƙe da ƙarfen, sannan ya zauna a kan kunya a hankali. Dariyar da ke bakina ta tafi, tausayi ya kama ni har na kasa matsawa.

Ƙaramin ƙaninsa ya fara takawa zai je wurinsa. Baba ya ɗaga masa hannu ya tsaya. Ya kira ni, ya ce in ce wa mai tarakta ya ƙarasa, a ja fangali, a sako ruwa, ni kuma in kawo masa kwandon iri. Na ce, “Baba, ka huta mana.” Bai ko dube ni ba.

Da aka ja fangali ruwa ya shiga, ya tattare rigarsa, ya zame daga kan kunyar ya zauna dirshan cikin taɓon fangalin farko. Ya ɗauki ɗan irin albasa, ya soka yatsa, ya dasa, ya danne. In ya gama inda hannunsa ke kaiwa sai ya dafa ƙasa ya ja jiki gaba. Ƙannensa suka tsaya suna kallo, babu wanda ya ƙara ta da maganar ba wani. Can babban cikinsu ya naɗe ƙafar wandonsa ya shiga fangalin da ke kusa, ya ce in miƙo masa iri shi ma.