Faifan da Ya Yi Ja Ranar Ɗaurin Aure

Kowace al'umma da masu tsaronta. A birnin nan wasu sun tsare ganuwa, wasu sun tsare ilimi, ni kuwa Allah ya ɗora mini tsaron wani faifan ajiya da ban taɓa gani da idona ba. Ranar da ya jarraba ni, har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ita ba.

A lokacin ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi wajen Ƙofar Gayan, kuma ni ke kula da shafin da iyaye ke duba sakamakon 'ya'yansu. Sakamakon yana zaune ne a faifan da muke haya ta intanet a wata ƙasa, abin da 'yan zamani ke kira gajimare. Zangon da ya gabata faifan ya yi nauyi, shafin ya ƙi buɗewa, iyaye suka cika ofis da faɗa. Hajiya mai makarantar ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Malam, in ya sake, da shafin da lissafin duk zan nema masu wani."

Don haka ana gobe za a saki sakamakon wannan zangon na sa masa ƙararrawa. Da zarar ya fara jinkirin karatu ko rubutu, layin da ke wayata zai tashi daga kore ya koma ja, wayar ta kama rawa.

Aka saki sakamako ranar Juma'a da safe. Ranar ce kuma ake ɗaura auren ƙanena a Limancin Kona bayan an sauko daga masallaci, ni ne wakilin ango tunda mahaifinmu ya rasu. Wakili kuwa ba ya tashi, ba ya latsa waya a gaban malamai.

Tun muna sallame salla wayar ta fara. Na zauna a kan tabarma, gwiwata na gugar ta waliyyin amarya, wayar tana ta zillo a aljihu kamar na ɓoye ɗan tsako. Liman yana huɗuba, ni ina hango iyaye a bakin ofis da tabaran Hajiya. Gumi ya jiƙa hulata. Na gyara zama, na sake gyarawa. Da na kasa haƙuri sai na zura hannu ƙarƙashin babbar riga na leƙa.

Daidai nan Liman ya ce, "Wakilin ango, kun karɓa?"

Na ce, "Ya yi ja!"

Wani kawunmu da ba ya barin ta kwana ya leƙo fuskata ya ce, "Wa ya yi ja, ɗan nan? Angon ko kai?"

"Mun karɓa, Allah gafarta Malam, mun karɓa!"

Dariya ta ɓarke har waliyyin yana share hawaye. Ana shafa fatiha na zura takalmin da ba nawa ba, na haye acaɓa zuwa gida, na buɗe kwamfuta. Layin kore shar. Na kira Hajiya zan fara ba da haƙuri, ta ce, "Wane faifai kuma? Ba auren ƙanenka ake yi ba?"

Na bi tarihin faifan a tsanake. Ashe wanda ya gina shafin, Bazazzagi ɗan'uwana, ya tsara faifan ya riƙa kwafe ajiyarsa duk Juma'a lokacin salla, don ya san kowa yana masallaci. Nauyin da na gani na wannan aikin ne, bai hana kowa buɗe shafi ba.

Daga ranar na koyi cewa kafin ka sa wa abu ƙararrawa, ka fara sanin yadda yake in yana lafiya. Ina faɗa wa ɗalibaina haka da murya irin ta masu hikima. A gidanmu dai har yau Ya-yi-ja suke kirana, faifan kuma yana nan yana ja duk Juma'a.