Man Rana da Butar Yaya

A gidanmu na Gummi, Yaya ne kaɗai zabiya. Sauranmu baƙaƙe ne wuluk, shi kuwa ya zo fari sol, da gashi ja-ja irin na gemun masara. Inna takan ce farin gidan duka a kansa ya ƙare, shi ya sa ni da na biyo bayansa ban samu ko ɗigo ba. Nakan ce mata ai na gode Allah, ni da rana ba ma gaba.

Shi kam gaba suke yi da ita tun yana yaro. Ga shi manomin shinkafa, kuma fadama ba ta da inuwa. Yana da malafa mai faɗi, amma iska da sunkuyo ba sa barin ta zauna wuri ɗaya. Da yamma sai ya dawo wuyansa ja zur, leɓɓansa a tsage, Inna ta shafa masa man kaɗanya tana yi wa rana faɗa kamar tana jin ta. Ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Abin da ya dame shi a duniya ibadarsa ce. Mutum ne mai tsantseni har ya yi yawa. In Yaya ya tsuguna alwala, sai mu ce a ɗora tuwo, kafin ya tashi ya nuna.

Wata shekara, gab da dashen shinkafa, wasu ma'aikatan lafiya suka zo daga Sakkwato. Bincike suke yi a kan fatar zabiyoyi, suna zagaya Anka da Bukkuyum da garinmu, don su ga ko wani mai da ke kare fata daga zafin rana zai rage musu gyambo. Shugabarsu wata likita ce mai sanyin magana. Ta duba fuskar Yaya da wuyansa da wani ɗan gilashi, ta ɗauki hoto, ta ba shi robobin man. Ta ce ya riƙa shafawa a fuska da kunnuwa da wuya da hannuwa kafin ya fita, in ya yi wanka ko ya yi gumi sosai ya sake. Za su dawo bayan girbi. Mu dai a gida man rana muka sa masa suna.

Yaya ya riƙe maganar nan da gaske. Kullum da safe sai ya shafe fuskarsa tas. Sai dai ran farko da ya zo alwalar azahar a bakin fadama, ya ga ruwa yana gangarewa a hannunsa ɗigo-ɗigo, kamar a kan ganyen gwaza. A ganinsa ruwan bai taɓa fata ba, in kuwa bai taɓa ba, babu alwala, babu salla. Bai tambayi kowa ba. Ya fara tafiya gona da guntun sabulu a aljihu. Da azahar ta yi sai ya dirje man nan sarai, har cikin lungun kunne, sannan ya yi alwala. Kuma ba ya sake shafawa, don la'asar na tafe, wani dirjen ne zai ƙara yi.

Haka ya riƙa komawa cikin shinkafa a lokacin da rana ta fi ƙuna, da fata dirjajjiya, babu ko maiƙon da Inna ke shafa masa a da. Dukanmu mun sha ganin sabulun nan. Mun ɗauka cikin tsantsenin Yaya ne, muka ƙara shi a kan abin tsokana.

Bayan girbi likitar ta dawo. Yawancin waɗanda ta bai wa man fatarsu ta yi laushi, ta Yaya kuwa ta ƙara lalacewa. A saman kunnensa na dama akwai wani ɗan miki da ke yin ɓawo, ya ɓare, ya sake yi, ya ƙi warkewa. Ta daɗe tana kallon wurin, ni kuma ina kallon fuskarta, kuma abin da na gani ya ba ni tsoro. Ta tambaye shi ko yana shafawa, ya kawo mata robobin duk wayam. Tana cikin juya su aka kira azahar. Yaya ya nemi izini, ya ɗauki butarsa, ya zaro sabulu, ya tsuguna a gefen tsakar gida ya shiga dirje-dirjensa.

Ta bari har ya gama, sannan ta tambaye shi ko kullum haka yake yi.

"Kullum," in ji shi. "Man ga ba ya barin ruwa shi kai ga jiki. In na tsaya gaban Ubangiji babu alwala, mi zan ce mai?"

Likitar ma mai salla ce, ga lallen hannunta, ga carbi a jakarta. Sai ta ce, "Mun ce wanka, ba mu ce alwala ba. Ya kamata a ce mun faɗa."

Ba ta yi masa gardamar addini ba, sai ta roƙi a kira limamin unguwarmu. Tsohon ya zo, ya shafa man a bayan hannunsa, ya bari ya shiga jiki, ya zuba ruwa ya cuɗa. Ya ce wannan maiƙo ne, ba ɓawo ba ne irin na fenti, in an cuɗa ruwa na kaiwa, alwala ta yi. Ya ƙara da cewa jiki ma amana ne, za a tambayi mutum a kansa. Yaya ya sunkuyar da kai. Na ga sauƙi a fuskarsa, wanda ban gani ba duk damina.

Amma kunnen bai jira fatawa ba. Da aka kai shi Sakkwato aka auna, aka ce ciwon daji ne na fata, an dai yi sa'a bai yi nisa ba. Likitar ta ce shekarun rana ne suka tara shi, ba damina ɗaya ba, amma ni har yau zuciyata na kan sabulun nan. Aka yanke saman kunnen. Inna ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ni haushi na ji, na rasa wanda zan ji wa, don kowa a cikin maganar nan alheri ya nufa.

Da ya dawo gida, sai ya samo igiya ya ɗaure robar man a hannun butarsa. Duk inda buta ta je, man na biye. In ya idar da alwala ya yi addu'a, sai ya shafa kafin ya miƙe.

Daga baya ya auri 'yar kawunmu, Allah ya ba su 'ya mace, ita ma fara sol kamar ubanta. Shi ya koya mata alwala da kansa. Bara da na je gida, ina alwala a tsakar gida tana tsaye a kaina tana lura. Da na wanke ƙafa na miƙe, ta riƙe zanena.

"Gwaggo, ba ki ƙare ba. Ba ki shafa mai ba."

Na buɗe baki zan yi dariya, sai idona ya kai kan Yaya. Yana tsugune a gefe yana shafar kunnuwa, yatsansa na dama yana zagaye a iska, a wurin da saman kunnen yake a da. Na koma na tsuguna, na miƙa mata hannu ta matsa mini.