Kwana Uku a Gonar Lemo

Shekara uku na yi ina kwana a cikin mota a ƙasar Masar, kuma har yau mahaifiyata tana zaton a ɗakin ɗalibai na yi su. Karatun addini ne ya kai ni Alƙahira. Shekarar farko ta wuce lafiya, ta biyu na faɗi jarrabawa, tallafin da ake ba mu ya tsaya. Abokan zamana a unguwar Madinat Nasr suka soma yi mini irin kallon da ake yi wa baƙon da ya daɗe. Ni kuwa Allah ya yi ni da zuciya, ba na jira a ce mini tashi. Na zuba littattafaina a jaka na bar musu ɗakinsu.

A Darrasa, cikin Alƙahira, na haɗu da mutumin da nake ce wa Baba, ana cikin maulidin waliyyin babban masallacin unguwar, farkon 2012. Ƙamshin ƙuli-ƙuli da yaji ne ya ja ni har gindin wani bango, inda na tarar da wani dogon tsoho baƙi yana juya nama a kan garwashi, ga wata tsohuwar ƙaramar bas a bayansa. Ban san lokacin da na ce a fili, “Kai, wannan ai tsire ne.”

Ya ɗago ya ce da Hausa, “Mu agashe muke ce masa. Kakana ne mai cewa tsire. Zauna, Ustaz, yunwa ta nuna a wuyanka.”

Bahaushen Sudan ne, ya fi shekara talatin a Masar. Kunya ba ta hana ni cin tsinke huɗu ba. Kafin na gama ya ji labarina kaf, har da cewa na taɓa tuƙa motar kawuna tsakanin Funtuwa da Zariya. Shi kuma yanar ido ta fara rufe masa gani, tuƙi ya soma gagararsa. Kafin la'asar jakata ta shiga motar.

Motar nan ita ce gidansa. An cire kujerun baya duka, an shimfiɗa katako, katifa biyu sirara a kai. Ƙarƙashin katakon akwai tukunyar gas, da jarkokin ruwa, da buhun gawayi, da tsinkayen ƙarfe a ɗaure. Labulen tagogin mayafin matarsa ne mai rasuwa, ya yanka shi gida huɗu. Da zafi motar tanda ce. Da sanyi kuwa numfashinmu kan taru a rufin ƙarfen ya riƙa ɗigo mana a fuska da asuba, Baba ya ce ga alwala ta zo har gado. Wanka a banɗakin masallaci, wanki a bakin magudanar ruwan gona, shanya a kan madubin mota. Na yi ƙorafi wata guda cur, sauro ya ci ni har na daina ƙirga kumburi, daga baya na saba.

Shekararmu a tsare take, Baba ya san ta kamar yadda manomi ya san damina. Da zafi muna garin Isma'iliyya ana tsinkar mangwaro, ni a saman bishiya, shi a ƙasa yana jera wa a kwali, don hannunsa ya fi idon wasu sanin nunanne. In zafi ya sassauta sai maulidin garin Tanta, daga nan na garin Dasuk, mu kafa tukuba mu yi ta gashi har muryarmu ta dishe da hayaƙi. Da hunturu gonakin lemo. A ko'ina za a iya samun canji, wata shekara wannan gona, wata shekara waccan. Wuri ɗaya ne ba ya canzawa, wato gindin bangon nan na Darrasa.

Masu bin maulidi suna da al'adarsu. Kowa da wurinsa, ba takarda, ba shaida sai ta maƙwabta. Ranar da aka ɗaga tutocin buɗe maulidi kowa ke zuwa ya kama nasa, mai lilo, mai alewa, mai shayi. Wanda ba a gani ba ranar nan, in tsoho ne kuma ba mai makara ba ne, maƙwabtansa kan ɗaga hannu su yi masa Fatiha, don a wurinsu ba abin da ke hana mutum wurinsa sai kabari. Na taɓa ganin an yi wa wani mai sayar da hula a Tanta, na yi dariya a raina na ce waɗannan mutane da gaggawa suke.

Na daɗe kafin na san abin da ya sa Baba yake ƙirga kwanakin maulidin Darrasa tun saura wata biyu. Wata rana muna cin wake da gurasa a inuwar mota ya faɗa mini. Yana da ɗa guda ɗaya, a motar nan ya tashi. Ya tafi Libiya aikin gini kafin rikici ya ɓarke a can, da aka soma harbe-harbe wayarsa ta daina shiga. Bayan 'yan watanni aka zare wa Baba tasa wayar a cunkoson Tanta, layin kuma ba da sunansa yake ba, bai samu an dawo masa da shi ba. Ɗan ba shi da lambar uban, uban ba shi da ta ɗan, gidan kuma mai taya ne.

“Ranar da zai tafi ya ce mini, Yaba, in komai ya rikice, zan same ka a gindin bango ranar tutoci,” in ji Baba. “To ka ga, Ustaz, ni ba ni da adireshi a duniya sai kwana bakwai a shekara.”

A 2013 mun isa tun ana gobe za a ɗaga tutoci. Kwana bakwai Baba yana gashi fuskarsa na kallon titi, duk dogon mutum da ya gifta sai ya ce in duba masa. Ba wanda ya zo. Ranar da muka naɗe kaya bai ce komai ba sai “Allah ya kai mu baɗi.”

Baɗin ne na ɓata. Lokacin ƙasar ta yi zafi, shingayen bincike sun cika hanyoyi, takardar izinin zamana kuwa ta daɗe da mutuwa tunda makaranta ba ta sabunta wa wanda ba ya zuwa. Kullum sai in ji labarin wani ɗalibi baƙo da aka sauke daga mota. Da can ni ne mai cika baki a cikin abokai, ashe in ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba. Muna wata gonar lemo, tafiyar awa uku zuwa Alƙahira, saura kwana ɗaya a ɗaga tutoci. Na ji leburori suna cewa ran Alhamis manyan motocin gonar za su kai kaya kasuwar birni a jere, kuma ba a cika tsayar da ayarinsu ba. Na ce a raina in na maƙale a bayansu na tsira. Alhamis ɗin saura kwana uku.

Da na gaya wa Baba gaskiya, da ya fi. Amma girman kai bai bar ni na ce ina jin tsoro ba. Da ya tafi alwala na buɗe injin na zare waya ɗaya na sa a aljihu. Ya dawo ya ce yalla, mu tafi, na murɗa makulli, mota ta yi ta kuka ba ta tashi ba. Na fito ina tsaki, ina zagin tsufanta, na ce sai an kawo wani ƙarfe daga gari, kuma ba zai samu ba sai Laraba da yamma. Ya tsaya ya daɗe hannunsa a jikin motar, sannan ya ce, “Ma'alish, ba komai. Allah ya sa haka ya fi alheri.”

Kwana ukun nan bai shiga gona ba. Yana zaune a bakin ƙofar mota da carbi. Wayarsa ba sabis a wurin, tawa ma haka. Ni kuwa na yi ta tsinkar lemo kamar wanda aka aiko, don kada in zauna kusa da shi.

Ran Alhamis na mayar da wayar injin, na ce wa Baba makanike ya zo lokacin da yake barcin rana. Muka bi bayan ayari. Shinge huɗu muka wuce, ba wanda ya ko kalli fuskata. A na ƙarshe ma sojan shayi yake sha, da hannun hagu ya yi mana alama mu wuce.

Da muka shiga Darrasa wurinmu yana nan, sai dai mai alewa ya ɗan matso da teburinsa. Maƙwabciyarmu ta dama wata dattijuwa ce Bamisriya mai sayar da gasasshen wake irin wanda maziyarta ke saya tsaraba, mun saba ce mata Hajja. Tana ganin Baba ya sauko ta saki ludayin awonta, ta ɗora hannu biyu a ka ta fasa ihu. Na ɗauka murna ce. Sai ta kama hannun rigarsa tana kuka.

“Ya zo,” ta ce. “Ɗanka ya zo ranar tutoci. Ni na san shi tun yana hura maka wuta. Ya rame, yana ɗingishi, amma shi ne. Tun safe ya tsaya a nan har la'asar. Washegari ya dawo.”

Baba ya ce, “Yana ina?”

“Shekara nawa ba ka taɓa makara ba? Wani direba ya ce ya ga irin motarka a kife a hanyar gona. Mun yi maka Fatiha, ya Hajj. Da shi muka yi.” Ta share hanci da gefen mayafi. “Ya ce khalas, shi ke nan, ba abin da ya rage masa a ƙasar nan. Ya ce zai nufi Iskandariya, akwai masu jirgin ruwa da ke tsallakar da mutane teku. Ban karɓi lambarsa ba. Me zan yi da lambar, ga tunanina ka tafi?”

Baba ya zauna a kan jarkar ruwa. Ana ta kiɗan mandiri, yara na ihu a kan lilo, mutane na ture mu suna wucewa. Can ya ce mata, “Ɗingishin, wace ƙafa?” Ta ce ta hagu. Ya ce, “Ya ci abinci?” Ta ce ta ba shi wake da shayi, ya sha shayin. Ya gyaɗa kai ya ce alhamdu lillahi, yana da rai.

Na zagaya bayan mota na durƙusa. A ranar na hau jirgin ƙasa zuwa Iskandariya. Kwana biyar na yi ina bin gidajen shayin 'yan Sudan, ina tambayar dogon saurayi mai ɗingishi. Wasu suka ce ba su gani ba, wasu suka ɗauke ni ɗan leƙen asiri suka juya mini baya. Wani dattijo ya ce irin waɗannan samarin ba sa faɗin ranar tafiyarsu ko ga wanda suke kwana ɗaki ɗaya. Na dawo hannu rabbana.

Na tarar an watse, an kwashe rumfuna, Baba ya sa an tura motar cikin wani lungu da ake hango bangon daga bakinsa. Na zauna gabansa na ce, “Baba, motar nan lafiyarta ƙalau. Ni na zare waya. Tsoron shinge nake ji.”

Ya ce, “Na sani.”

Na ɗago na dube shi.

“Ido ne ya tafi, Ustaz, hannu yana nan. Kana shiga gona na laluba na ji gurbinta. Kwana biyu kafin nan kana ta juyi a katifa, abinci ma ba ka ci. Da na so, da na nemi wani direban cikin leburori. Sai na ce in bar ka a gonar mutane kai kaɗai? Na ce wannan ma ɗan wata uwa ne, tana can tana jira. Na ce shekara biyu bai zo ba, kwana uku ba za su zama su ne ba. Ni na yi wannan lissafin, ba kai ba.”

Na so ya zage ni. Wallahi da ya ɗauki tsinken ƙarfe ya buga mini, da na samu sauƙi. Na yi kuka kamar ƙaramin yaro, shi ne ma yake ce mini ya isa.

Daga ranar motar ba ta sake tafiya ba. Lokacin mangwaro ya zo na ce mu tafi, ya ce in je ni kaɗai. Wai masu bin maulidi bakinsu ba ya shiru, labari zai zaga Tanta da Dasuk har bakin teku cewa mai agashe bai mutu ba, kuma in labarin ya kai inda ake so, ba ranar tutoci za a jira ba. Kowace safiya yakan ɗauki kujerar roba ya je gindin bango, ya kafa ƙaramin murhu, ya zauna har magariba. Na je mangwaro a motar haya na dawo, na je lemo na dawo. Tayoyin suka sace, kyanwoyin unguwa suka tare a ƙarƙashinta. Maulidin 2015 ya zo ya wuce, ba wanda ya zo.

A shekarar ne yayana ya aiko mini da tikiti, ya ce jikin mahaifiyarmu ya yi rauni, in dawo ko da takardar shaidar karatu ko babu. Na je sallama da hantsi, jakata a kafaɗa. Baba ya miƙe ya riƙe hannuna, ya yi mini addu'a mai tsawo, ya ce in gaida ƙasar kakansa da bai taɓa gani ba. Muka taka tare kamar taku goma, har inda inuwar bangon ta ƙare. Tashar motar tana can ƙarshen titi, tafiyar da ba ta kai minti biyar ba. Sai ya tsaya, ya waiwaya wajen kujerarsa.

“Ka yafe ni, ɗana,” ya ce. “Ba zan iya raka ka ba. Kada a zo ba na nan.”