Maharazu, Wanda Ya Hana Risho Tashi Shi Kaɗai

Kowace safiya, kafin 'yan kabu-kabu su cika bakin tasha a Zuru, Malam Maharazu mai gyaran rediyo ya riga ya buɗe rumfarsa. Sai ya hura gawayi a ɗan kasko ya cusa ƙarfen narka dalma a ciki, don bai taɓa yarda ya jingina cin abincinsa da wutar lantarki ba. Bayansa tulin matattun rediyoyi ne da fankoki da sitabilaiza. Matarsa na kiran su bola, shi kuwa ko ƙusa ɗaya ba ya bari a taɓa. Shekara talatin da biyu ke nan yana haka. Yanzu idanu sun fara gazawa, ya ce ƙarshen watan nan zai rufe, shi ya sa na ga gara a gode masa yana ji da kunnensa.

Masu shaidarsa suna da yawa. Lasifikar masallacin unguwa da ta cocin da ke bayanta duk sun kwana a hannunsa. Amma labarin da ya fi taɓa ni na Mama Dinah ne.

Mama Dinah tsohuwa ce 'yar Dabai, matar wani soja da ya rasu, tana zaune ita kaɗai a gidan da suka gina, kabarin mijin na can bayan ɗaki. Da hayaƙin itace ya fara taɓa mata ƙirji, 'yarta Gladys, wadda ke aiki a Kaduna, ta saya mata rishon lantarki. Wata Lahadi ta ɗora tukunya, sai aka ɗauke wuta. Ta manta ba ta kashe ba, ta tafi coci. Wuta ta dawo ba kowa a gida. Tukunya ta ƙone, labule ya kama, sai da maƙwabta suka ɓalle ƙofa.

Gladys ta zo a firgice. "Mama, zaman nan ya ƙare. Nan da wata guda zan zo da mota, Kaduna za mu."

Washegari tsohuwa ta sa rishon a buhu ta kai rumfar Maharazu. "Ɗana, ka ƙara cikin tarkacenka. Ni an ce tafiya zan yi, in bar maigidana shi kaɗai." Tana faɗa tana share ido da bakin zane.

Ya saurari yadda abin ya faru, ya daɗe yana juya rishon. "Mama, wane na ba ya mantuwa cikin garin ga? Laihin risho na, da ya tashi babu wanda ya tashe shi. Ba ni mako biyu."

A bayan kwalin sukari ya zana hanyar da kowace waya za ta bi. Ya yanko ɗan allo daga tsohuwar talabijin, ya ciro ɗan abin nan da ke yin ƙas a cikin sitabilaiza yana haɗa wuta yana yankewa, ya liƙa komai da dalma. Allo biyu suka ƙone kafin na uku ya yi. Dabarar ita ce, da an ɗauke wuta allon zai saki rishon, kuma ko ta dawo ba zai sake kamawa ba sai yatsan mutum ya danna wani koren maɓalli. Ya kuma tsara shi ya kashe kansa bayan rabin awa.

To, a nan gwani ya kwafsa. Bayan kwana uku da mayar mata da rishon sai ga Mama Dinah da kwano, ta buɗe masa a gaban jama'a. "Taɓa ka ji. Wannan wake ne ko tsakuwa? Kai ka taɓa dafa abinci kuwa?" Bai taɓa ba. Dole ya koma gida ya tambayi matarsa tsawon lokacin da wake ke ɗauka, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ya ciro makunnin ƙara murya na wata rediyo ya dasa a jikin ɗan akwatin da ya sa allon a ciki, ya zana alama uku da fenti: kofin shayi, tukunyar tuwo, ƙwayar wake.

Ranar da Gladys ta zo da mota ba ta yarda da bakin kowa ba. Ta kunna rishon da kanta, ta fita ta zare fis ɗin gidan, ta mayar. Ta ɗora tafin hannu a kai tana jira. Sanyi ƙalau. Sau huɗu ta gwada. Daga nan ta zauna a bakin gado, ta sa aka kira Maharazu, ta ce masa, "Baba, ka yi mini guda biyu, in kai wa maƙwabtana." Motar ta koma Kaduna da buhun dawa a kujerar baya.

Kai ne, Malam Maharazu, ka kalli tsohuwa tana kuka ba ka ce mata ta yi haƙuri da tsufa ba, ka ɗauki fensir. Kai ne aka kunyata da wake a gaban mutane, ka karɓi gyara ba ka ji haushi ba. Yau gidaje fiye da ashirin daga Zuru har Mahuta suna da ɗan akwatin nan naka, mafi yawa na tsofaffi masu zaman kaɗaici. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri, ya bar maka sauran ganinka. Ku kuma masu sana'ar hannu, in aka kawo muku abin da ya lalace, ku tambayi yadda aka yi ya lalace, kamar yadda yake yi.

Shekara huɗu ke nan da wannan aiki. Da na je wurin Mama Dinah na ce zan rubuta labarin, ta ce kada in cika surutu. "Ka rubuta masa cewa yau ma ni na tuƙa tuwona da hannuna, a gidana."